Tukunyar ƙarfen zubi: Tarihinta da yadda ake kula da ita har ta kai ga jikoki

A cikin kayan girkin da ake saya wa amarya a yau, kaɗan ne ake sa ran za su ga yayen ɗanta na biyu. Kaskon suya mai hana kamu yakan fara ɓarewa bayan 'yan shekaru, robobi su dafe, tukunyar alminiyon mara kauri ta lotse ta daina zama daidai a kan murhu. Tukunyar ƙarfen zubi ce ta fita daban. Idan ta samu kulawa takan shekara ɗari tana aiki, kuma girkinta yakan fi kyau a hannun jika fiye da yadda ya yi a hannun kakar da ta saye ta sabuwa.

Duk da haka, a gidaje da dama a Najeriya irin wannan tukunya tana yashe a bayan ɗaki, tsatsa ta yi mata ja, tana jiran ranar da mai sayen gwangwan zai ɗora ta a kan sikeli ya biya kuɗin kilo. Da yawa daga cikin waɗanda ake rabuwa da su ta wannan hanya lafiyarsu ƙalau. Abin da suka rasa shi ne wanda ya san yadda ake farfaɗo da su, aikin da bai wuce na yini guda ba, kuma bai buƙatar komai sai soson ƙarfe da ɗan man gyaɗa da wuta.

Mene ne ƙarfen zubi?

Hanya biyu ce ake sarrafa baƙin ƙarfe. Ta farko ita ce ƙira, wadda kowa ya sani: maƙeri ya gasa ƙarfe har ya yi ja, ya ɗora a kan uwar maƙera ya yi ta bugu har ya fitar da fartanya ko wuƙa. Ta biyu ita ce zubi, inda ake narkar da ƙarfen ya zama ruwa, a kwarara shi cikin mazubin da aka yi da yashi, a bar shi ya huce ya ɗauki siffar mazubin. Tukunyar da aka yi ta wannan hanya guda ɗaya ce tun daga gindi har baki, ba walda a jikinta ba haɗi.

Abin da ke sa ƙarfe ya zubu shi ne sinadarin kabon, wato asalin abin da gawayi ya ƙunsa. Ƙarfen zubi yana ɗauke da kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na wannan sinadari, shi ya sa yake narkewa a zafin da bai wuce kimanin digiri 1,200 a ma'aunin Salshiyos ba, alhali tsantsar ƙarfe sai ya kai digiri 1,538. Wannan kabon ɗin ne kuma ya ba shi halinsa: yana da tauri ƙwarai, amma ba ya lanƙwasa. Abin da zai lotsa tukunyar alminiyon, ita fasa ta zai yi.

Halinta a kan wuta ma daban ne. Alminiyon ya fi ƙarfen zubi saurin ratsa zafi da kusan ninki huɗu, don haka tukunyar ƙarfe tana jinkirin yin zafi, kuma da farko wurin da harshen wuta ke taɓawa ya fi sauran jikinta zafi. Amma idan ta ɗauka, kaurinta da nauyinta kan sa ta riƙe zafin na tsawon lokaci. Mai suya ta san amfanin haka. Idan aka zuba ƙullun ƙosai mai sanyi cikin mai a kasko mara kauri, zafin man yakan faɗi nan take, ƙosan ya sha mai. A kaskon ƙarfen zubi zafin ba ya faɗuwa sosai, sai suyar ta yi kyau.

Daga Sin zuwa Ingila

Mutanen ƙasar Sin ne suka fara gwanancewa a zubin ƙarfe, tun wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam. Sun yi garemani da tukwane da shi, kuma a zamanin daular Han an yi amfani da manyan kasake na ƙarfe wajen dafa ruwan gishiri har ya ƙafe. Turai ba ta kai ga zubin ƙarfe sosai ba sai bayan fiye da shekara dubu, kuma ko da ta kai, tukwanen suna da kauri da tsada, ba kowane gida ke iya mallakarsu ba.

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Abraham Darby ne ya sauya lamarin. A 1707 ya samu takardar mallakar fasahar zuba tukwanen ƙarfe a mazubin yashi, hanyar da ta sa suka rage kauri da nauyi da kuma farashi. A 1709, a garin Coalbrookdale, ya yi nasarar narka tama da gasasshen kwal maimakon gawayin itace. Masana tarihi suna lissafa wannan nasara cikin tubalan juyin masana'antu, kuma abin lura shi ne tukunyar girki ce ta kai shi ga hakan. Jikansa ne daga baya ya gina shahararriyar gadar nan ta ƙarfen zubi a kan kogin Severn a 1779, wadda har yau tana nan tsaye.

Daga nan kowace ƙasa ta ɗauki tukunyar ta ba ta nata salo. A Amurka, kamfanin Griswold da aka kafa a 1865 a jihar Pensilbaniya ya yi suna da kasake masu santsi, kuma ko da yake masana'antarsa ta rufe a 1957, har yau masu tara kayan tarihi suna farautar kasakensa, wasu ma suna girki da su kullum. Kamfanin Lodge, wanda ya fara aiki a 1896 a jihar Tenesi, yana ci gaba da zubi har yanzu. A Faransa, Le Creuset ya fara lulluɓe tukwanen ƙarfe da rufin tangaran mai launi a 1925. A Japan, garin Morioka ya shahara tun ƙarni na 17 da butocin shayi na ƙarfen zubi. A kudancin Afirka kuwa, baƙar tukunya mai ƙafa uku ta zama abin da ba a biki ko makoki sai da ita.

Yadda ta iso ƙasar nan

Najeriya ba baƙuwar ƙarfe ba ce. A Taruga, kusa da Abuja, masu binciken kayan tarihi sun tono matoyan narka tama na mutanen Nok da suka haura shekara 2,000. A gindin Dutsen Dala a Kano ma an samu shaidar aikin ƙarfe tun wajen ƙarni na 7. Sai dai abin da waɗancan matoya ke fitarwa dunƙulen ƙarfe ne da ake kai wa maƙeri ya buge, ya fitar da kayan noma da na yaƙi. Zubi kuwa an fi saninsa a aikin tagulla, kamar yadda kayan Igbo-Ukwu da Ife da Benin suka nuna. Tukunyar girki ta ƙasa ce, aikin magina, sana'ar da ta ɗaukaka sunan Ladi Kwali har hotonta ya hau takardar naira 20.

Tukunyar ƙarfen zubi ta shigo ne ta hanyar fatauci da Turawa a bakin teku, sannan ta bazu cikin ƙasa ta kantunan kamfanonin zamanin mulkin mallaka, musamman bayan layin dogo ya isa Kano a 1911. Ta samu gurbi a inda ake buƙatar wuta mai ƙarfi da aiki mai yawa: girkin biki, suyar garin rogo a Kudu, suyar gyaɗa da ƙosai da waina.

Mulkinta bai daɗe ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sana'ar zuba tukwane da tsofaffin kayan alminiyon ta bazu a Afirka ta Yamma. Alminiyon yana narkewa a digiri 660 kacal, zafin da gawayi da zugazugi ke iya kaiwa, don haka mutum ɗaya da yaransa za su iya buɗe wurin zubi a rumfa. Kasuwar Panteka a Kaduna da garin Saki a jihar Oyo suna cikin wuraren da suka yi suna a wannan aiki. Tukwanen ba nauyi, ba tsatsa, ga araha. Shi ya sa manyan tukwanen biki da ake gani yau, waɗanda mutane da yawa ke kira na ƙarfe, akasarinsu na alminiyon ne. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: mayen ƙarfe yana manne wa ƙarfen zubi, ba ya kama alminiyon.

Batun lafiya

Bambancin bai tsaya ga nauyi ba. A 2014 wasu masana suka gwada tukwanen alminiyon da aka zuba daga tarkace a Kamaru, suka gano cewa da yawansu suna sakin dalma idan aka dafa abu mai tsami a ciki. Wani binciken da aka faɗaɗa zuwa ƙasashe goma a 2017 ya sake nuna matsalar. Tushenta shi ne irin tarkacen da ake narkawa, wanda kan haɗa da sassan injin mota da na babur. 'Yan Najeriya sun san illar gubar dalma tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu sanadin haƙar zinare, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jikin mutum da za a kira mara illa. Wannan bai zama hukunci a kan kowane mai zubi ba, domin akwai masu tace abin da suke narkawa. Amma mai saye ba shi da hanyar gane hakan da ido.

Abin da tukunyar ƙarfe ke saki a abinci kuwa sinadarin ƙarfe ne, wanda jiki ke buƙata don yin jini. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59, da kashi 58 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49, suna fama da ƙarancin jini. Wani gwaji da aka yi a Habasha, wanda mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 1999, ya nuna yaran da aka riƙa dafa wa abinci a tukunyar ƙarfe sun fi takwarorinsu na tukunyar alminiyon samun ƙaruwar jini. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a wasu ƙasashen Afirka ba su ba da sakamako iri ɗaya ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne iyalai da yawa sun ajiye tukwanen saboda nauyi da tsatsa. Wato ko a nan ma, rashin sanin kulawa ne ya kawo cikas.

Tukunya ba ta maye gurbin likita. Ƙarancin jini yana da sabubba da dama, ciki har da zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da ciwon sikila. Wanda ake yi wa ƙarin jini akai-akai, kamar wasu masu sikila, ƙarfe kan iya taruwa ya yi masa yawa a jiki, don haka ya kamata ya tuntuɓi likitansa kafin ya mayar da tukunyar ƙarfe ta girkin kullum.

Sirrin yana cikin baƙin

Duk mai suyar waina ta san tsohuwar tanda ba ta kamu, sabuwa ce ke ba da wahala. Dalilin ɗaya ne da na tukunyar ƙarfe. Idan aka shafa mai kaɗan a jikin ƙarfe aka gasa shi har ya yi hayaƙi, man yakan sauya ya daskare ya zama wani siririn rufi mai tauri da ke manne wa ƙarfen. Kowace suya tana ƙara wani a kan na baya, har tukunyar ta yi baƙi mai sheƙi. Wannan rufi ne ke hana ruwa da iska taɓa ƙarfen su haifar da tsatsa, shi ne kuma ke hana abinci kamawa. Baƙin cikin tukunyar ƙarfe ba dauɗa ba ne, shi ne dukiyarta.

Nan ne ta sha bamban da kaskon zamani mai hana kamu. Rufin Teflon, wanda aka gano a 1938 a kamfanin DuPont, yana fara lalacewa idan zafi ya wuce kimanin digiri 260, kuma idan ya ɓare babu gyara a gida. Rufin tukunyar ƙarfe kuwa ko sau nawa ya lalace ana sake gina shi da man da ke cikin kicin.

Ga yadda ake horar da sabuwar tukunya, ko wadda aka kankare. A wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu sosai, domin wasu masana'antu kan shafa mata kakin hana tsatsa kafin ta bar wurinsu. A ɗora ta a wuta ta bushe sarai. A ɗiga man gyaɗa ko na waken suya a tsumma, a shafe ta ciki da waje har da murfi, sannan a ɗauki busasshen tsumma a goge kamar ana son a cire man gaba ɗaya. Ɗan abin da ya rage shi ake buƙata. Kuskuren da aka fi yi shi ne yawaita mai, wanda kan sa tukunyar ta yi danƙo maimakon santsi. Mai tanderun zamani sai ya kife ta a ciki na awa guda a zafin digiri 200 zuwa 250. Mai gawayi ko gas sai ya ɗora ta a matsakaiciyar wuta, a wuri mai iska, yana jujjuya ta har hayaƙin ya ɗauke. A bar ta ta huce, a maimaita sau uku ko huɗu.

A makonnin farko a fara da suya: ƙosai, awara, doya, dankali, nama. Miyar tumatir da ake barin ta ta daɗe a wuta, ko yakuwa, ko duk abin da aka sa wa tsamiya, suna cin sabon rufi, kuma abincin kan ɗauki ɗanɗanon ƙarfe ya yi duhu. Idan rufin ya yi ƙwari, irin wannan girki ba ya yi mata komai, matuƙar ba a bar miyar ta kwana a ciki ba.

Al'adu biyu da ke kashe ta

Akwai ɗabi'u biyu na tsabta da suka dace da sauran tukwane amma suke cutar da wannan. Ta farko ita ce jiƙo. An saba idan aka kwashe tuwo a zuba ruwa a tukunya a bar ta har safe don ƙanzo ya saki. Ruwan da ya kwana a tukunyar ƙarfe tsatsa yake bari. Maimakon haka, a zuba ruwan ɗumi, a mayar da ita wuta ya tafasa na 'yan mintuna, a kankare da muciya, ƙanzon zai fita.

Ta biyu ita ce dirza da yashi ko toka ko soson ƙarfe har tukunya ta yi fari tas. A jikin alminiyon wannan kwalliya ce, amma a cikin tukunyar ƙarfe kankare aikin shekaru ne. Wankin kullum bai buƙatar fiye da ruwan ɗumi da soso mai laushi. Ɗan sabulun wanke-wanke ba ya yi wa rufin da ya kama komai, sai dai a guji jiƙa ta a ruwan soda, domin soda tana narkar da rufin. Idan abu ya kama, gishiri mai gari-gari da tsumma sun isa.

Bayan kowane wanki, a ɗora ta a wuta na minti biyu ko uku har ruwan ya ƙafe, a shafa mata ɗan mai tana da ɗumi. Kifewa a rana kaɗai ba ya isa, musamman da damina da kuma a garuruwa masu laima. Wajen ajiya, kada a rufe ta ruf da murfi. A sa takarda ko tsumma a tsakani don iska ta riƙa shiga.

Abu ɗaya ne ba ya gyaruwa, shi ne tsagewa. Kada a kwara ruwan sanyi a tukunyar da ta yi zafi sosai, kuma kada a ɗauko ta da sanyinta a jefa cikin wuta mai ruruwa. A fara da ƙaramar wuta, a ƙara a hankali. A kuma kiyaye ta daga faɗuwa a kan siminti. Maƙalarta tana yin zafi kamar jikinta, don haka tsumma mai kauri wajibi ne, kuma a nisanta yara daga inda aka sauke ta, domin takan daɗe ba ta huce ba.

Farfaɗo da wadda aka yasar

Tukunyar da ta yi ja da tsatsa ba ta mutu ba. Da farko a duba lafiyarta: a ɗaga ta a ƙwanƙwasa da cokali. Lafiyayya takan yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, mai tsagu kuwa sautinta a dakushe yake. A ɗaga ta ga hasken rana a ga ko tsatsar ta huda gindin. Idan babu tsagu babu huda, sauran aiki ne kawai.

A nan ne soson ƙarfe da yashi ke da amfani. A dirje ta har ƙarfen ya fito da launinsa na toka-toka. Idan tsatsar ta yi kauri, a jiƙa ta a ruwan khal da aka sirka rabi da rabi da ruwa, ana dubawa, kada a wuce awa guda, domin tsamin idan ya gama da tsatsa ƙarfen zai koma ci. A ɗauraye, a busar a wuta nan take, a shiga horo kamar sabuwa. Wasu kan jefa tukunya cikin wutar itace don ta ƙone tsohon datti. Hanyar tana aiki, amma zafin da ya wuce kima kan iya tsaga ta.

Sharaɗi ɗaya ne mai muhimmanci: a san tarihinta. Tukunyar da aka taɓa narka dalma a cikinta, ko aka zuba baƙin mai ko maganin ƙwari, ba ta komawa girki ko yaya aka wanke ta. Wannan ya sa wadda aka gada a gida ta fi wadda aka tsinta a wurin 'yan gwangwan aminci.

Sababbin tukwanen ƙarfen zubi da ake shigowa da su yanzu suna cikin kayan girki masu tsada a manyan kantunan Abuja da Legas, alhali irinsu na kwance a tsofaffin gidaje ana shirin sayar da su a farashin tarkace. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Kafin a kira mai sikeli, ya dace a nemo mayen ƙarfe da cokali a gwada abin da kaka ta bari. Idan ya kama, kuma ta amsa da ƙara mai tsawo, yini guda na dirza da gashi ya isa ya mayar da ita kan murhu, a shigar da ita cikin kayan ɗakin wata amaryar tare da bayanin yadda ake riƙe ta.